Yadda ake duba na'urar sadarwar motar lantarki ta hannu kafin a biya kuɗi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mutanen da suka riga suka kafa sola a gidajensu ko a gonakinsu a garuruwa irin su Ringim, Gumel, Ɗambatta da Wudil sun fara lissafin ko motar lantarki ta hannu za ta fi musu sauƙi. Duk wanda ya je wurin dillali, tambayarsa ta farko a kan babban batir take, kuma hakan daidai ne, domin shi ne mafi tsada a jikin motar. Sai dai akwai wani ƙaramin akwati da ba a ganinsa, wanda ke ɗauke da modem, wato na'urar da ke haɗa motar da intanet, da layin waya, kuma ta hanyarsa ne motar ke magana da kamfanin da ya ƙera ta da manhajar da ke wayar mai ita. Shawarata ita ce mai saye ya ɗauka cewa wannan akwati ba ya aiki har sai an nuna masa akasin haka a gaban idonsa, sannan ya yi ciniki a kan wannan zaton.

Idan na'urar tana aiki, mai mota zai iya ganin yawan cajin da ya shiga yana zaune a shago, ya san ko wutar KEDCO ta ɗauke a tsakiyar caji, ya kunna na'urar sanyaya ciki kafin ya fito a zafin watan Afrilu, ya ga inda motar take idan ya ba direba, kuma a wasu motocin ya karɓi sabunta manhaja ba tare da zuwa gareji ba. Tuƙi da birki da caji kansu ba su dogara da ita ba. Taswirar da aka riga aka sauke da alamar GPS su ma suna aiki ba tare da layi ba, saboda GPS karɓar saƙo kawai yake yi daga tauraron ɗan adam. Wannan ya sa ganin motar a kan taswirar allo ba hujja ba ce cewa modem ɗin yana da rai, ko da dillali ya nuna shi da yatsa.

Matakin farko shi ne sanin shekarar motar da kasuwar da aka ƙera ta dominta. A buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ke manne a ginshiƙinta, inda ake rubuta wata da shekarar ƙira, sannan a kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka haɗa motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka ce, J Japan, K Koriya ta Kudu, L Sin, W kuma Jamus. A motocin kasuwar Amurka harafi na goma yana nuna shekara, inda F ke nufin 2015, J ke nufin 2018, N kuma 2022. Ƙasar da aka haɗa mota ba lallai ne ta zama ƙasar da aka fara sayar da ita ba, don haka a nemi ganin takardun kwastan da na gwanjo domin a san daga wace tashar ruwa ta taso.

Shekarar tana da muhimmanci ne saboda ƙasashen da waɗannan motoci suka fito sun rufe tsofaffin hanyoyin sadarwarsu. Kamfanin AT&T na Amurka ya rufe 2G a ƙarshen 2016, kuma Nissan Leaf ta shekarun 2011 zuwa 2015 da shi take aiki. AT&T ya sake rufe 3G a ranar 22 ga Fabrairu 2022, Verizon kuma ya rufe nasa a ƙarshen Disambar wannan shekarar. Tesla Model S da aka ƙera kafin Yunin 2015 da modem ɗin 3G ta fito, kuma kamfanin ya riƙa canza shi zuwa na 4G a kan dala 200 ga wanda ya nema. A Ingila ma Nissan ta dakatar da manhajar waya ga Leaf da aka ƙera kafin 2016 daga watan Agusta 2024. Wani zai ce ai mu a nan 2G da 3G suna nan daram, to me zai hana tsohon modem ya farfaɗo a Haɗeja? Abin da zai hana shi shi ne layin da ke cikinsa na kamfanin waje ne wanda aka riga aka kashe, kuma kwamfutocin kamfanin motar da ya kamata su amsa kiransa sun daina saurarensa. Ko da ya ga ƙarfen sabis, ba shi da wanda zai kira.

Batu na biyu, wanda ya shafi har sababbin motoci, shi ne zangon mitar da modem ɗin ke iya kamawa. Kamfanonin sadarwa na Najeriya suna gudanar da 2G a kan mita 900 da 1800, 3G galibi a kan 2100, 4G kuma a kan 700, 800, 1800 da 2600, waɗanda a takardun na'urori ake rubuta su da lambobin zango 28, 20, 3 da 7. A Amurka lambobin da aka saba da su su ne 2, 4, 5, 12 da 13. Saboda haka motar da aka yi wa kasuwar Amurka tana iya kasancewa da lafiyayyen modem na 4G amma ya kasa jin komai a nan, yayin da ta kasuwar Turai ta fi kusa da tsarinmu. Ga mazaunin karkara, zango 20 da 28 sun fi sauran daraja, domin ƙaramar mita ta fi tafiya nesa da ƙarfen sabis, kuma ita ce ke iya kaiwa ƙauyen da ke bayan gari da nisa. Motocin da aka yi wa cikin gidan ƙasar Sin suna kama zango 3, amma nasu cikas ɗin daban ne: layin da ke ciki na kamfanin sadarwar Sin ne, kuma manhajar wayar tana yawan neman lambar wayar Sin kafin a buɗe asusu.

Yanzu sai gwajin kansa. A zauna a kujerar direba, a kunna motar, a shiga saitin allo a kashe Wi-Fi da Bluetooth gaba ɗaya, sannan a cire duk wata kebul da aka soka. Wannan ba zargi ba ne ga kowa. Sau da yawa yaron dillali ya haɗa motar da datar wayarsa tun da safe domin ya kunna waƙa, shi kansa maigidan bai san cewa intanet ɗin da ake gani daga aljihun yaron take fitowa ba. Ana iya faɗa cikin ladabi: "Alhaji, don Allah a sa yaran su kashe datarsu na ɗan lokaci, ina so in ga ko motar tana da nata layin." Bayan an kashe, a dubi saman allo. Idan akwai sandunan sabis da rubutun LTE ko 4G, alama ce mai kyau, amma sai a ƙara da neman wani abu da ba zai yiwu ba sai da intanet, kamar binciken sunan wani wuri a taswira ko umartar motar ta duba sabuwar manhaja. Idan sandunan suna nan amma babu abin da ya buɗe, to modem ɗin yana ganin ƙarfe, layin ne ba shi da izinin wucewa.

Daga nan a shiga shafin bayanan na'ura, inda motoci da dama ke nuna lambar IMEI mai lambobi 15 da lambar layi da ake kira ICCID. Idan gurbin IMEI fanko ne ko sifili ne jere, akwai yiwuwar akwatin ya mutu ko an cire shi. Lambar ICCID tana farawa da 89, sai lambar ƙasa ta biyo baya: 8986 layin Sin ne, 8944 na Ingila, 89234 kuma na Najeriya. Wannan ɗan karatu kaɗai yana warware gardama mai tsawo. A motocin Tesla, shafin ƙarin bayanin mota da ke ƙarƙashin sashen manhaja yana faɗin irin modem ɗin da ke ciki kai tsaye.

Galibin motoci ba su da ramin da za a zare layi a sa na MTN ko Airtel, domin an like shi da dalma a jikin allon na'urar. Akwai masu gyaran waya da ke iya ɓamɓare shi su dasa rami, kuma a wasu motocin Sin hakan yana dawo da intanet a allo, amma ba ya tilasta wa kamfanin motar ya karɓi asusun wanda ke Najeriya. Duk layin da za a sa kuma dole ne a yi masa rajista da lambar NIN ta mai motar. Kada a yarda da layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Bayan allo sai jiki. A leƙa rufin motar a duba eriyar nan mai kama da ƙayar bayan kifi, a kama ta da hannu a ɗan girgiza. Idan tana motsi, ko robar gindinta ta tsage, ko akwai alamar an shafa gam a kewayenta, ruwa ya samu hanya. A ciki a dubi silin daidai ƙarƙashinta ko akwai tabon ruwa. Akwatin modem ɗin kansa, gwargwadon irin motar, yana iya kasancewa a bayan ɗan akwatin ajiya na gaban fasinja, ko ƙarƙashin kujera, ko a gefen but. A ɗaga kafet a shafa ƙasansa, a shinshina, a haska fitilar waya a kan kusoshin da suka riƙe kujera. Busasshiyar laka mai laushi a lungu da tsatsa a kan kusoshi da kore-kore a bakin soket alamu ne na motar da ambaliya ta ci kafin a yi gwanjonta, kuma idan an ga haka, maganar ta wuce ta modem, a bar motar kawai. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbun hatsi kuma a duba wayoyinta da kyau saboda ɓera. Idan mai gyaran wayarin mota ya iya kaiwa ga akwatin, a ɗauki hoton takardar da ke jikinsa. Na Amurka suna ɗauke da lambar FCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, wadda idan aka bincika ta a intanet take nuna mitocin da aka amince wa na'urar. Ya kuma soka na'urar gano matsala a ramin OBD, wato soket ɗin binciken lafiyar mota, ya ga ko akwatin yana amsawa.

Akwai illar da mataccen layi ke iya jawowa wadda ta fi rashin manhaja ciwo. Motar lantarki tana da ƙaramin batir, galibi mai bolt 12 kamar na sauran motoci, kuma shi ne ke tayar da kwamfutocinta. Modem ɗin da ya kasa samun sabis yana iya ƙin yin barci, ya kwana yana nema, har ya tsotse ƙaramin batir ɗin; gari na wayewa motar ta ƙi tashi alhali babban batir cike yake. Ga wanda ke zaune nesa da gari, inda mai gyara mafi kusa yake Dutse ko Kano, wannan babbar wahala ce. A nemi a auna ƙaramin batir da yamma bayan an kashe motar, a sake aunawa da safe kafin a kunna ta. Lafiyayye yana tsayawa kusa da 12.6, wanda kuma ya sauka ƙasa da 12 a dare ɗaya yana buƙatar bayani. Idan an tabbatar modem ɗin ne, cire fiyus ɗinsa kan magance matsalar, sai dai a wasu motocin makirfon ɗin amsa waya ko lasifika ɗaya ta cikinsa suke bi, don haka a gwada kafin a rufe.

Maɓallin SOS na kiran agajin gaggawa da ke saman madubi, wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci daga ƙarshen Maris 2018, kada a dogara da shi a hanyar Maigatari. Fitilar gargaɗinsa tana yawan kunnuwa ne saboda ɗan batir ɗin da ke cikin akwatin ya tsufa.

Idan kuma an yi sa'a komai yana aiki, sauran magana ita ce asusun wane ne ke riƙe da motar. Muddin sunan mai ita na baya yana nan, yana iya ganin inda take kwana, a wasu motocin har ya buɗe ƙofa ko ya dakatar da caji daga nesa. Kada a cika kuɗi sai an cire shi, an mayar da allo saitin farko, an buɗe sabon asusu da imel ɗin mai saye, sannan shi da kansa ya kulle ƙofa ya buɗe daga wayarsa. A tuna kuma cewa manhaja tana rayuwa ne muddin kamfaninta yana raye. Masu motar Fisker Ocean sun shiga wannan damuwar bayan kamfanin ya bayyana karyewarsa a Yunin 2024.

Gwajin ƙarshe shi ne a fitar da motar daga birni. Sabis ɗin da aka samu a filin dillali a cikin Kano ba ya nuna abin da za a samu a bayan Kazaure ko Gaya, don haka a nemi a yi tafiya zuwa hanyar da za a riƙa bi kullum, ana kwatanta sandunan allo da na wayar hannu. Idan aka gano cewa modem ɗin ba zai taɓa aiki ba, amma motar tana karɓar Wi-Fi, tana ba da damar saita lokacin caji daga allo, kuma ba ta tsotse ƙaramin batir, to mota ce da za a iya saye, a riƙa haɗa ta da datar waya idan buƙata ta taso, a sa mata na'urar bin sawu mai layin gida idan ana so. Sai dai a sa a rubuta a takardar ciniki, a gaban shaidu, cewa an saye ta ba tare da sadarwa ba, kuma a rage kuɗin wannan daga farashi.