Yadda Ake Gano Musabbabin Fitilar Giya Mai Kamawa Tana Ɗaukewa a Motar Hannu

Mutum ya sayi mota mai giyar atomatik, 'yar Kwatano ko ta hannun wani, ya yi makonni yana hawa lafiya lau, sai wata rana da tsakar rana a cikin cunkoso ya ga harafin D da ke allon gabansa yana ƙyaftawa. Ya sami wuri ya tsaya, ya kashe inji, ya sake tayarwa, fitilar ta ɓace kamar ba ta taɓa kamawa ba. Bayan kwana 3 ko mako guda kuma ta dawo. Wannan na cikin matsalolin da suka fi cinye kuɗin masu mota a banza, domin a ranar da aka kai motar gareji yawanci lafiyarta ƙalau, kuma bakaniken da bai ga ciwo da idonsa ba yakan koma canki-canka: yau a sauya mai, gobe a sauya sensa, jibi a ce a tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wata giyar ɗungurungum. Alhali fitilar da ke zuwa tana tafiya shaida ce da motar take bayarwa a kan kanta, kuma aikin mai mota na farko shi ne ya adana shaidar kafin wani ya goge ta.

Kowane kamfani da yadda motarsa take kuka. A Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ta cika titunanmu kuma da ita zan fi yin misali, harafin D ne ke ƙyaftawa, a tsofaffin samfura kuma D4. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce, a Mazda haruffan AT ne, a Peugeot 307 da 406 masu giyar AL4 kuwa alamomin S da na dusar ƙanƙara ne ke ƙyaftawa tare. Duk ma'anarsu ɗaya: kwamfutar da ke kula da giya ta ga wani abu da bai dace da lissafinta ba, ta rubuta lambar laifin ta ajiye. Sau da yawa takan kulle motar a giya ɗaya, galibi ta 3, don ta kare kayan ciki daga lalacewa, shi ya sa direba yake jin motar ta yi nauyi wajen tashi. Kashe inji da sake tayarwa yakan fitar da ita daga wannan hali, amma bai warkar da komai ba.

Kafin a je wurin kowa, a nemi takarda ko a buɗe waya a riƙa rubuta yanayin da fitilar take kamawa a duk lokacin da ta kama. Da sanyin safiya ne ko bayan an yi tafiyar minti 40 inji ya ɗauki zafi? A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne ko a daidai lokacin da taya ta faɗa rami? An ratsa ruwan sama ko an wanke inji a ranar? Allurar gudu ta faɗi ƙasa ko ta yi rawa a lokacin? Motar ta yi fizga wajen sauya giya, ko inji ya yi ƙara ba tare da gudun ya ƙaru ba? Idan akwai wani a gefe, ya ɗauki bidiyon allon. Na fi ba wannan rubutu muhimmanci a kan duk wani awo da zai biyo baya, saboda shi ne yake raba matsalar gida biyu. Fitilar da gargada ko ruwa ke tayarwa, alhali giya na shiga sumul, kusan kullum zancen waya ne ko soket. Wadda zafi ke tayarwa, tare da santsi ko jinkirin shigar giya, tana nuni ne ga mai, ko bawul, ko kulocin ciki.

Abu guda da nake roƙon kada a yi shi ne cire kan batir don a kashe fitilar. A motoci da yawa hakan yana share lambar laifin tare da bayanan da kwamfuta ta ɗauka a daidai lokacin da abin ya faru, wato gudun mota, juyawar inji da zafinsa, kuma waɗannan bayanai ba za su dawo ba sai laifin ya sake aukuwa.

Daga nan sai karanta lambar. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wato tsarin da ake jona na'ura a karanta lambobin laifin mota, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur, don haka kusan duk motar hannu da ke shigowa tana da soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ba kowace na'urar bincike ce take iya magana da kwamfutar giya ba. Ƙananan masu araha sukan karanta ɓangaren inji kawai, su nuna P0700, lambar da ba ta faɗin komai illa cewa kwamfutar giya tana da ƙorafi a ajiye. Duk wanda ya ga P0700 ya ce giya ta mutu bai gama bincike ba. A tambayi mai na'urar tun kafin ya jona ko tasa tana shiga sashen giya, a sa ya karanta lambobin da ke ajiye da waɗanda ke jiran tabbaci, a ɗauki hoton allon na'urar, sannan ne za a yarda ya goge.

Lambobin da aka fi gamuwa da su ba su da yawa. P0715 tana magana ne a kan sensar da ke auna juyawar da ke shiga giya, P0720 kuma a kan wadda ke auna juyawar da ke fita, kuma idan wannan ta biyun ce, a wasu motoci allurar gudu takan faɗi a lokacin da fitilar ta kama. P0705 ta makunnin da ke gaya wa kwamfuta inda sandar giya take ce, ko P, ko R, ko D. Daga P0750 zuwa P0770 na solinoyid ne, wato ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya. A Honda ana yawan ganin P0843 da P0847, na makunnan matsin mai da ke ɗaure a jikin giya daga waje, waɗanda ake sauyawa ba tare da an sauke komai ba. Waɗanda ya kamata su tayar da hankali su ne P0730, wadda ke nufin lissafin juyawar shiga da ta fita bai daidaita ba, alamar kuloci yana santsi, da P0741, wadda ta shafi kulocin da ke cikin kwanbata, wato na'urar da ke isar da ƙarfin inji ga giya ta hanyar mai. A riƙe wannan da kyau: lamba tana nuna layin da aka sami matsala ne, ba ta cewa kayan da ta ambata ne ya lalace. Sensa lafiyayya da wayarta ta goge a jikin ƙarfe za ta ba da lamba iri ɗaya da matacciyar sensa.

Saboda haka ne nake fara duba lantarki kafin a sayi ko da kusa ɗaya. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, idan kuma yana aiki altaneta ya kamata ta ba da tsakanin 13.5 da 14.5. Wutar da ke hawa tana sauka takan rikita kwamfutar giya ta rubuta laifuffukan da babu su, kuma idan aka ga P0562, ta ƙarancin wuta, ko U0101, ta yankewar sadarwa da kwamfutar giya, tare da tarin lambobi marasa alaƙa da juna, to a fara da kan batir, da baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da na inji, da akwatin fis. Bayan haka a ciro kowane soket da ke jikin giya a duba ko akwai koren tsatsa, ko ruwa, ko mai, ko ƙarfen da ya saki. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi yana tura danshi cikin waɗannan soket, haka ma haɗin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif a wani gyara na baya. Ƙwararren rewaya zai jona na'ura, ya bar inji yana aiki, ya riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kallon allo, kuma wurin da adadi ya yi tsalle nan ciwon yake.

Man giya kuwa yana da ƙa'idar awo da ta bambanta daga mota zuwa mota, kuma a nan ake yawan kuskure. A Toyota mai sandar awo, ana dubawa ne inji yana aiki, ya yi zafi, giya tana kan P, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. A Accord ɗin da muke magana a kai, ana kashe inji ne bayan ya yi zafi, a ciro sandar mai rawayan kai cikin kusan minti ɗaya da rabi. A ɗiga man a kan farar takarda. Ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa alamar tsufa ce, baƙi mai ƙauri yana nufin kuloci ya ƙone, idan kuma ya yi kama da madarar da aka zuba wa jan kala, to ruwan lagireto ya shiga cikinsa ta bututun sanyaya mai, kuma dole a ajiye motar nan take. Kumfa a jikin sanda tana nuna man ya yi yawa ko ya yi kaɗan har famfo yana zuƙar iska.

Nau'in man ma ba abin wasa ba ne. Honda tana buƙatar DW-1, wanda ya maye gurbin ATF-Z1, Toyota kuma T-IV ko WS gwargwadon shekarar mota, giyar CVT kuwa, wato atomatik ɗin da ba ta sauya giya mataki-mataki, tana da nata man daban wanda ba a musanya shi da kowane. Motar hannu ba ta zuwa da tarihin abin da aka zuba mata, kuma jan mai na kowa-da-kowa da ake aunawa a kwalba yana iya zama shi ne tushen fizgar. Idan man ya tsufa amma bai ƙone ba, a kwance kusar ƙasa a tsiyaye shi, wanda a Accord kusan lita 3 ne ke fita, a duba maganaɗisun da ke jikin kusar, a zuba sabo, a yi tafiya, a maimaita har sau 3. Laushin baƙin gari a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli labari ne daban.

Zafi yana da babban hannu a wannan yanki namu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da awon zafi ke haura 40 a Kano, Sakkwato da Maiduguri, man giya yana tsinkewa a cikin cunkoso, matsinsa ya ragu, solinoyid mai rauni kuma ya fara maƙalewa. Tunda a yawancin motoci lagireto ne ke sanyaya man giya, fankar da ba ta tashi ko lagireton da ƙura ta toshe suna iya kunna fitilar giya alhali ita giyar ba ta da laifi. Lambar P0218 kai tsaye take faɗin cewa man giya ya yi zafi fiye da kima. Mai Accord V6 ta 2003 ko 2004 kuma ya san cewa a 2004 kamfanin ya yi kiranyen waɗannan motoci a Amurka saboda ƙarancin mai da ke isa ga giya ta 2, kuma ana iya bincika ko an yi wa tasa gyaran ta hanyar lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17.

Bayan kowane gyara, a goge lambobin, a sake jefa motar cikin ainihin yanayin da aka rubuta tun farko: hanyar nan, zafin nan, tsawon tafiyar nan, da na'ura a jone wani yana kallon zafin mai da juyawar shiga da ta fita. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin idan aka sauya uku a rana ɗaya ba za a san wanne ne ya yi magani ba. Wasu laifuffukan sai kwamfuta ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila, saboda haka zagaye ɗaya a unguwa bai isa hujja ba, a ba motar mako guda ko biyu.

Idan wuta ta daidaita, soket sun tsabtata, man daidai ne, amma P0730 tana dawowa, inji yana ƙara mota ba ta ja, ko ana ɗaukar daƙiƙu kafin R ko D ta kama, to a nan ne maganar sauke giya ta halatta, kuma ci gaba da hawa zai ƙara yawan abin da za a saya. Wanda zai sayi giyar da aka taɓa amfani da ita ya tabbatar lambar da ke jikinta ta dace da ta motarsa, ya nemi a rubuta masa wa'adin gwaji a rasit, sannan ya sa a wanke bututun sanyaya mai ko a sauya shi kafin a ɗaura, domin dattin tsohuwar giyar yana nan kwance a ciki yana jiran ya shiga sabuwar.