Yadda ake kallon zanen "Stalheim" na Johan Christian Dahl

A gidan adana kayan fasaha na ƙasar Norway da ke Oslo akwai wani babban zanen fenti da Johan Christian Dahl ya kammala a 1842, mai nuna abin da ake hangowa daga Stalheim, wani wuri a cikin duwatsun Norway. Faɗinsa ya kusa mita biyu da rabi. Ko a gabansa kake tsaye, ko hotonsa ka buɗe a intanet, ba zanen da ake kallo a gurguje ba ne.

Da farko ja da baya, ka bar idonka ya ɗauki zanen gaba ɗaya. Duwatsu ne dama da hagu, kwarin Nærøy ya miƙe a tsakiya, can gaba kuma dutsen Jordalsnuten mai kai a dunƙule kamar malmalar tuwo. Kada ka nemi komai tukuna.

Daga nan ka bi haske. Rana ce ta la'asar, kuma ba ko'ina ta sauka ba. Ta bar wasu gangaren cikin inuwa, ta faɗa kan wasu 'yan gidaje da ke tsakiyar zanen, ga bakan gizo ya ratso gajimare. Inda hasken ya tsaya, nan mai zanen yake so idonka ya tsaya.

Yanzu matso kusa, ko ka ƙara girman hoton. A ganina nan ne daɗin yake. Gidajen nan da ka ɗauka ɗigon fenti ne, kowanne da rufinsa da bangonsa, kuma mutane na nan suna harkarsu, ƙanana ƙwarai a gindin duwatsun. Dahl bai yi ƙyuya ba ko a abin da ke nesa. Ka ɗan daɗe a nan, ka kwatanta tsawon mutum ɗaya da na dutsen da ke bayansa, sai ka ji nauyin wurin a jikinka.

Sai kuma ka nemi sanin mutumin. An haifi Dahl a birnin Bergen na Norway a 1788, ɗan masunci ne. Ya yi karatu a Copenhagen ta Denmark, ya koma Dresden ta Jamus a 1818, can kuma ya rasu a 1857. Wato wannan kwarin daga nesa ya zana shi. A 1826 ya zo ganin gida, ya tsaya a Stalheim ya yi zane-zanen fensir a takarda, ya tafi da su. Shekara goma sha shida suka wuce kafin babban zanen ya kammala. A lokacin Norway na ƙarƙashin sarkin Sweden, jama'arta na neman abin da za su nuna su ce wannan namu ne, sai suka same shi a duwatsunsu da ƙauyukansu.

Da wannan a ranka, sake ja da baya inda ka fara tsayawa, ka nemi gidajen nan da ido ko za ka iya gano su daga can.