Yadda Ake Bin Hanyar Shakka ta Dekart

Rene Dekart, masanin falsafa Bafaranshe da aka haifa a 1596, ya fitar da littafinsa na zurfafa tunani a 1641, da harshen Latin, babi shida. Kamar aikin kwana shida ya tsara shi, saboda haka ka ba kowane babi yini guda, da biro da takarda a gefe.

Da farko rubuta abubuwa biyar da kake da yaƙini a kansu, misali "ina zaune a kan kujera" da "biyu da uku biyar ne". Kusa da kowanne ka rubuta inda ka samo shi: gani da ji da taɓawa, ko hankali zalla. Tushen ake gwadawa, don in ya rushe, duk abin da aka ɗora a kansa ya bi shi.

Gwajin farko: ido ya taɓa yaudararka? Kawalwalniya a kan kwalta ta isa shaida, amma wannan bai taɓa abin da ke kusa da kai ba. Sai mafarki: wace alama ce ke tabbatar maka a farke kake? Nan yaƙinin "ina zaune a kan kujera" ya faɗi. Lissafi dai yana nan, don ko a mafarki biyu da uku biyar ne. Shi ya sa Dekart ya ƙaddara akwai wani mugun mayaudari mai iko da ke rikita shi duk lokacin da ya ƙirga. Wanda ya karanta Imam Gazali, da ya rasu a 1111, zai gane hanyar, don shi ma ya tuhumi gani, ya kuma kawo hujjar mafarki.

Abu ɗaya ya rage: ba a yaudarar wanda babu shi. Muddin kana shakka kana tunani, muddin kana tunani kana nan.

A nan sabon shiga ke yin tuntuɓe. Wannan hujja ba ta ba ka jiki ba, ba ta ba ka jiya ba. Mai tunani kawai ta tabbatar, a lokacin da yake tunanin. Wani kuma sai ya kai shakkar kasuwa ko wurin ibada, alhali Dekart da kansa ya ware ta ga neman ilimi, ya ce zai ci gaba da bin dokokin ƙasarsa da addinin da ya tashi a ciki.

Babi na uku da na biyar sun fi son natsuwa. Dekart ya dogara da fahimta bayyananna ya kafa hujjar samuwar Allah, sannan ya dogara da cewa Allah ba ya yaudara ya amince da wannan fahimtar. Tun a 1641 Antuwan Arno, wani malamin addinin Kirista Bafaranshe, ya ce wannan zagaye ne: kowace hujja ta jingina da ɗayar. A babi na shida, inda aka raba hankali da jiki, ka riƙe tambayar da Gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta aika masa a 1643: ta yaya hankali, abin da ba shi da tsawo ko faɗi, yake motsa hannu?