Yadda Ake Ziyarar Gandun Harkness a Gaɓar Tekun Connecticut

Harkness Memorial State Park yana garin Waterford a jihar Connecticut ta Amurka, a bakin ruwan Long Island Sound, kusa da birnin New London. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ba a iyo a nan. Mutane kan zo da kayan wanka su koma da takaici. Wurin na yawo ne da kallon furanni da shan iska. Mai son shiga ruwa sai ya wuce Rocky Neck da ke East Lyme.

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 8 na safe, a rufe da faɗuwar rana. Motar da ke da lambar Connecticut ba ta biyan kuɗin ajiya, amma mai lambar wata jiha tana biya a lokacin zafi. Asabar da Lahadi ka zo da wuri, domin idan filin motoci ya cika akan tsayar da shiga.

Babban gidan da ke cikin gandun, wanda ake kira Eolia, ɗakuna 42 gare shi. Edward Harkness da matarsa Mary suka saye shi a 1907, Mary ta bar wa jihar shi a wasiyya a 1950, ya zama gandun jama'a a 1952. Masu aikin sa kai ne ke zagayawa da baƙi cikinsa, galibi a ƙarshen mako daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Sai dai ana hayarsa don bukukuwan aure, saboda haka ka tabbatar da jadawalin ranar kafin ka taso.

Lambunan su ne suka fi cancantar lokacinka, ka ware musu aƙalla awa ɗaya. Beatrix Farrand ce ta tsara su tsakanin 1918 da 1929. Ka fara da lambun yamma mai salon Italiya, inda akwai rumfar da tsirrai ke hawa, ka tsaya a ƙarƙashinta ka dubi yadda launukan suke shiga juna a hankali. Daga nan ka zagaya lambun gabas mai sassaƙe-sassaƙen Asiya, wanda aka san shi da furen heliotrope mai launin shunayya da ƙamshi mai daɗi. Kada ka tsallake ƙaramin lambun duwatsu, da yawa ba sa lura da shi. Yuli da Agusta ne furanni suka fi cika. Wanda ya zo a Afrilu zai tarar da yawancin kwamai ba su farfaɗo ba.

Iskar teku tana da ƙarfi a kan filin ciyawa, shi ya sa masu tashin filfilo ke son wurin. Ka riƙo rigar sanyi mara nauyi ko da rana ta take, ka kuma danne tabarma da faranti da wani abu mai nauyi.

A gaɓar ruwa za ka ga inda aka kewaye da igiya. Ƙananan tsuntsayen da ake kira piping plover ne ke ƙwai a kan yashi a fili, kuma ƙwan ya yi kama da tsakuwa, taku ɗaya ya isa ya fasa shi. Kada ka ƙetare igiyar. Mai kamun kifi da ya kai shekara 16 yana buƙatar lasisin jihar.

Sai batun kaska. Cutar Lyme, wadda cizon kaska ke yaɗawa, daga wani gari na wannan yanki ta samo sunanta. Ka guji doguwar ciyawa, ka cusa ƙafar wando cikin safa, da ka koma masauki ka duba bayan gwiwa da hammata da gashin yara. In ka ga kaska ta maƙale a jiki, ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan ka wanke wurin da sabulu.