Kurakuran da aka fi yi wajen kula da dattin kunnen tsofaffi

Kuskure na farko shi ne ɗora wa tsufa laifin kowace irin kurumta. Dattijo zai fara cewa a maimaita masa magana, ko ya ƙure ƙarar rediyo, sai iyali su ce ai shekaru ne, alhali da an haska kunnen da an tarar da datti ya toshe shi tam. Idan shekaru suka ja, maiƙon kunne yana raguwa, dattin ya bushe ya yi tauri, gashin ramin kunne kuma ya yi kauri musamman ga maza, shi ya sa ba ya fita da kansa kamar na yaro. Saboda haka ya kamata ma'aikaciyar jinya ta duba kunnen kafin a yanke hukunci.

Sai kuma sosa kunne da tsinken ashana, gashin kaza ko tsinken auduga. Abin da ake gani a kan audugar kaɗan ne, saura kuwa an danna shi ciki har kusa da dodon kunne, kuma fatar tsoho ba ta da wuyar ƙujewa.

Inda aka fi yin ganganci shi ne wajen wankewa. Bai dace a watsa wa busasshen datti ruwa kai tsaye ba. A fara ɗiga man zaitun sau biyu a rana na kwana 3 zuwa 5, mutum yana kwance a gefe ɗaya, ya daɗe kamar minti 5 kafin ya tashi, kuma kada a cusa auduga domin ita za ta shanye man. Ruwan wankin ya kasance daidai da ɗumin jiki, wato digiri 37, domin mai sanyi ko mai zafi yana kawo jiri, kuma jiri ga tsoho faɗuwa ce. A ja kunnen sama da baya, a nufi bangon ramin da ruwan a hankali, ba dodon kunne ba.

Kafin duk wannan, wajibi ne a yi tambaya. Wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko aka yi masa aiki a kunne, ko kunnen yana fitar da ruwa, ko da kunne ɗaya kaɗai yake ji, ba a wanke masa, likitan kunne za a tura shi. Mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini su ma a nemi shawarar likita tukuna. Idan ana cikin wanki Baba ya ce yana jin zafi ko kansa yana juyawa, a tsaya nan take.