Kurakuran masu nutso kan jiragen da suka nutse lokacin yaƙi a gaɓar Fot Sudan

Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan ranar 10 ga Yunin 1940, yana kwance bisa gefensa na hagu kusa da Fot Sudan, har yau da bama-bamai kusan 360,000 a cikinsa. Ruwan wurin garai yake, shi ya sa 'yan'uwa sababbin nutso ke raina zurfinsa, alhali wani ɓangaren ya kusa mita 38.

Babban kuskure shi ne sauka ba tare da lissafin iska ba. A mita 30 mutum yana shan iska ninki huɗu na abin da yake sha a sama. Raba iskar tukunyar da kake shaƙa uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya kuma ba naka ba ne, na abokin nutsonka ne idan tasa ta ƙare. Haɗin iskar shaƙa da ke da oksijin kashi 32 cikin ɗari kada ya wuce mita 33, domin daga nan oksijin kan jawo farfaɗiya, abin shaƙa ya faɗi daga baki. Nitrojin kuwa yana fara bugar da mutum tun daga mita 30. Mai niyyar mita 50 sai da haɗin iska mai hiliyam da horonsa. Ka auna oksijin na kowace tukunya da hannunka, ka rubuta iyakar zurfinta a jiki. Gurɓatacciyar iska ba abin wasa ba ce: gubar na'urar sanyaya ɗaki ce ta gigita ma'aikatan Macallé, jirgin ƙarƙashin teku na Italiya, har ya hau murjani a tsibirin Barr Musa Kebir cikin watan Yunin 1940.

A cikin jirgi, bugun ƙafa ɗaya kan tayar da laka, hanya ta ɓace. Ɗaura igiya tun daga ƙofa, riƙe tocila uku, kada ka taɓa bam ko ɗaya.

Murjanin wuta da kifi mai ƙayar dafi sun mamaye ƙarafan, don haka kada ka dafa ko'ina. Wanda ƙaya ta soka a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta jure, a kai shi asibiti.

Gaggawar hawowa ita ce ke gurgunta mutane. Kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya, ka cika duk tsayawar kan hanyar hawowa da kwamfutar nutso ta hannunka ta nuna, ka sha ruwa sosai saboda zafin Bahar Maliya. Bayan nutso mai tsaye-tsaye, kada a hau jirgin sama sai an haura awa 24.