Yadda na gyara haɗin tonik da lemun tsami

Ni dai ina son tonik (wani abin sha na kwalba mai gas da ɗan ɗaci) da lemun tsami da yamma, musamman lokacin zafin Maradi na watan Afrilu, amma da na haɗa sai gas ɗin ya gudu, ga ɗaci ya yi yawa har maƙogwaro.

Ashe zafi ne matsalar. Gas ba ya zama cikin ruwa mai ɗumi, don haka yanzu kwalbar takan kwana a firigo, har kofin ma ina sa shi ya yi sanyi. Ƙanƙara kuma manyan gutsaye nake sawa in cika kofin taf, irin ta leda da ake saidawa cikin unguwa ita nake fasawa, don ƙanana nan da nan suke narkewa su mai da abin salam. Sai in karkata kofin in zuba tonik a hankali ta gefe, juyawa sau ɗaya da cokali ya isa, kar a yi ta kaɗawa.

Ɗacin tonik daga sinadarin kinin da ake sa masa yake, wannan ba ya fita kuma shi ne daɗin. Wanda ya dame ni na farin ɓawon lemun ne, shi ya sa na daina matse shi har ƙarshe. Ɗan yankin ɗanyar citta a ciki, wallahi sai kun gwada.